Neman Irin Kajin Inna

Kajin Inna ne suka fara mutuwa, tun kafin kowa ya san akwai abin da ke damun ƙauyenmu. A shekarun da haƙar zinari ta yi tashe a ƙasar Anka, ni ne nake kawo buhunan dutse cikin gida, mu daka, mu kai inji, mu shanya garin a tsakar gida. Kaji na kiwo a wurin. Sai muka ga suna tangaɗi, suna kwantawa gindin rumbu ba sa tashi. Muka ce ciwon kaji ne na kowace shekara. Ba a daɗe ba ɗiyata mai shekara biyu ta fara jijjiga. Kwana huɗu ta yi. Sai da muka binne ta, maƙwabta ma suka binne nasu, sannan likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce a cikin dutsen.

Aka kankare ƙasar gidanmu aka zuba sabuwa. Inna ba ta taɓa ce mini ni na jawo ba. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗi, balle ta zaunar da ni ta yi mini faɗa. Abin da kawai na lura da shi, kullum da safe sai ta share akurkin da ke bayan ɗakinta, alhali babu ko kaza ɗaya a ciki.

Kajin nan daga wurin mahaifiyarta ta gaje su. Wake-wake ne, masu baƙar ƙafa da faɗin ƙirji. Ba su da wani girma, amma kazarsu in ta yi kwanci ba ta tashi sai ta ƙyanƙyashe, kuma na sha ganin ɗaya ta yi tsalle sama ta kori shirwa daga kan 'yan tsakinta. Tun ina yaro Inna ke zaɓen wadda za a bari da wadda za a yanka, ba ta taɓa barin wani ya yi mata wannan zaɓen ba.

Bayan kamar shekara biyu na je Gummi sayo shinkafa ranar kasuwa. A layin masu kaji na tarar da wani mutum da kwando cike da ƙwai, ya rantse mini na kajin gida ne, wake-wake zalla. Na zaɓi manya-manya masu tsabta guda goma, na ɗaure a bayan babur, na haɗo da wata kaza da aka ce tana son kwanci. Duk hanya ina jin kamar na yi abin kai.

Inna ta ɗauki ɗaya ta jujjuya shi a tafin hannunta.

"Ka ga uwayensu?"

"A'a, Inna. Amma mutumin ya rantse."

"Ƙwai ba shi faɗin wa ya haihe shi," in ji ta. "Kuma kazar gida ba ta yin babba hakanga."

Duk da haka ta gyara gurbi ta sa wa kazar, ina ganin don kada ta kunyata ni. Mako uku suka cika, muka ƙara kwana uku, shiru. Ta kai ɗaya bayan gida ta fasa, ta kira ni in duba. Babu ko zaren jini a ciki. Ƙwan gidan gona ne, kajin da suka saka shi ba su taɓa ganin zakara ba. Na fita na yini a gona ba tare da na taɓa fartanya ba.

Da na dawo da la'asar, tana tankaɗe, ta yi maganar ba ta dube ni ba. Ta ce tana da wata ƙawa da aka kai aure wani ƙauye a ƙasar Bukkuyum, kuma lokacin bikin ta ba ta sagara da ɗan zakara daga cikin kajin gidansu. In matar na da rai, wataƙila irin na nan. Sannan ta koya mini abin da ba ta taɓa koya wa kowa ba. In fara kama zakaran kafin in dubi ƙwai: zankonsa ja ne a tsaye, idonsa tar, yatsunsa a miƙe? In watsa tsaba in gani ko zai kira kaji ko shi zai fara ci. In taɓa ƙasan wutsiyar kaza, in yatsa biyu ba su shiga tsakanin ƙasusuwan ba, ba mai saka ƙwai ba ce. Ƙwan kuma kada ya wuce mako, kada a wanke shi, kada ya zama mai tsini ko mulmulalle. In jera su cikin ƙwarya da ƙaiƙayi, tsinin yana ƙasa, in riƙe a cinyata.

Lokacin hanyoyi sun fara lalacewa, ana tare mutane da bindiga tsakar rana. Matata ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kan kaji za ka bi wagga hanya?" Na ɗauki ƙwaryar na fita.

Na sami ƙauyen rabinsa a rufe, wasu gidajen har an cire ƙyaure. Tsohuwar tana nan. Da na faɗi ko ni ɗan wace ce, ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Tana watsa dusa sai ga su sun fito daga ƙarƙashin rumbu, kaji shida da zakara ɗaya, wake-wake masu baƙar ƙafa, kamar waɗanda na buɗe ido na gani a gidanmu. Na watsa gero, zakaran ya tsaya yana kiran kaji. Na kama shi na bi duk abin da Inna ta ce. Komai daidai, sai yatsa ɗaya na ƙafar hagu da ya karkace.

"Goggo, wanga yatsa fa?"

"Ka gani ke nan," in ji ta. "Shekaru ban samu baƙon zakara ba. Uwatai na cikinsu, ƙannenai na cikinsu. Wa ka zuwa wani gari yanzu balle a yi musanya?"

Tana zaɓo mini ƙwai tana ɗaga kowane ga rana, sai ta ce, "Ina ɗiyar taka da naj ji an haifa? Ta yi wayo yanzu."

Tun ranar da aka binne yarinyar ban taɓa faɗin abin da ya faru da bakina ba, don duk wanda nake haɗuwa da shi ya riga ya sani. Na tsuguna a tsakar gidan tsohuwar nan na gaya mata duka, har da cewa ni na kawo dutsen. Ta ce, "Allah shi sa mai ceto ce." Ta ci gaba da jera ƙwan. Ta ƙi karɓar ko sisi, na dai sa abin da na zo da shi a ƙarƙashin tabarmarta.

Ƙwai tara ta ba ni. A hanyar dawowa direban motar da na shiga ya ji labarin ana tare gaba, ya saki titi ya bi ta gonaki a guje. Na ƙanƙame ƙwaryar, amma biyu suka tsage. Aka sa wa kazar da na sayo a Gummi bakwai ɗin da suka rage, biyar suka ƙyanƙyashe, ɗaya ya fito ƙafafu a barbaje, bai kwana biyu ba. Huɗu suka girma, mata uku da namiji ɗaya. Inna ta koma fita da sassafe tana tono musu gara.

Da ɗan zakaran ya fara koyon cara, ta kama shi ta shafa ƙafafunsa. Yatsan ubansa ne ya ɗauko, har nasa ya fi karkacewa. Ta miƙo mini shi ta ce in yanka.

"Inna, shi kaɗai ne namiji. In ya tahi irin ya ƙare."

"In na bar shi, duk ɗiyanai haka za su hito, su kuma nasu su hi haka. Ba abin da anka bar mini ke nan ba."

Na yi gardama da ita, abin da ban taɓa yi ba, amma ba ta janye ba. Na yanka shi. Matata ta yi miya da shi, na kasa ci.

Na yi niyyar komawa wurin tsohuwar ko an dace ta sami wani zakaran, sai labari ya zo cewa ƙauyen ya watse gaba ɗaya. Inna ta haɗa kajin uku da jan zakaran wani maƙwabci. 'Ya'yan suna fitowa wasu wake-wake, wasu jajaye, tana ta zaɓe, ko da yake idonta ya fara rauni.

Duk lokacin da na je Gummi nakan bi wuraren da mutanen ƙauyuka suka fake ina tambayar tsohuwar. Bara wani mutumin ƙauyensu ya ce ya gan ta ranar da suka gudu, a kan amalanke, daga ita sai zanen jikinta. Bai san inda aka sauke ta ba. Har yau ban gaya wa Inna ba.