Mutari da Ƙayar Madam

Mutari mutumin Tama ne, manomin hatsi da damina, manomin albasa da rani. Shekara talatin ya yi yana cire ƙaya daga gona, a shekara ta talatin da ɗaya aka sa shi gadinta.

A daminar 1938 ne. Shuka ta fito, noman fari ya ƙarato, sai gardi, dogarin Nasara, ya iso garin da takarda yana neman mutum goma na aikin tilas. Tara aka tura fasa dutsen hanya. Mutari kuwa, da aka ji an ce yana da hannun garka, wato aikin lambu, aka wuce da shi wani barikin Nasara mai nisan yini guda a ƙafa. Mutanen gari suka ce ya yi sa'a.

Matar Baturen barikin, wadda kowa ke kira Madam, ta kai shi bayan gida ta nuna masa abin da aka kawo shi dominsa. Tsiro ne guda ɗaya, tsawonsa bai kai taƙi biyu ba, ganyensa fari-fari, kowane gefe ƙaya. Irinsa daga Faransa aka aiko a cikin 'yar takarda. Ta shuka ashirin, ɗaya ya rayu. Sunansa shardon, kuma ba a cinsa, ba a magani da shi, ba a ba dabba. Kallonsa ake yi.

Mutari ya duƙa ya duba, ya ɗaga kai ya dubi Alƙasim tafinta.

"Malam Alƙasim, wanga ba dayi ba ne?"

"Rufe bakinka. Dayi na raƙuma ne. Wanga na Madam ne."

"To, mi za ni yi mishi?"

"Dodon koɗi ke cin shi. Ta ce ka tsare shi. Ranar da ya yi fure, ka tahi gida."

Dodon koɗin ba baƙi ba ne. Madam ce ta sa aka ɗebo baƙar ƙasa daga fadama a kan jakuna, da ƙwansu a ciki, ta kuma sa ana ban ruwa safe da yamma, ko da sama ta kwana tana zuba. Sun samu gida da abinci da inuwa, abin da ba a ba Mutari ba. Wasu da ƙoƙonsu a baya, wasu tsirara suke yawo, suna barin yauƙi a kan ganye.

Kullum bayan sallar asuba yakan tsince su a ƙwarya. Ya zagaye tsiron da toka, ruwa ya wanke. Ya daka ɓawon ƙwai ya barbaɗa, suka hau kai suka wuce. Ya ce a kawo agwagi biyu, Madam ta ce za su ɓata mata ciyawa. Ita tata dabarar ta ƙasarsu ce: a zuba giya a gwangwanin kifi a binne kusa da tushe, su faɗa su mutu. Mutari, wanda bai taɓa shinshina giya ba, shi ke ɗaukar kwalbar kowace yamma ya kai musu, ya koma ya sake alwala. Wasu sun mutu. Sauran suka sha suka ci ganye.

Da hantsi Madam takan fito da malafarta ta ƙirga hujin ganye. In ya ƙaru da ɗaya, sai ta yi magana mai tsawo, Alƙasim ya taƙaita: "Ta ce kai jaki ne."

Kwana ashirin da zuwansa sai ga Cima matarsa, ta tako daga Tama da dawo a ƙulle cikin zane. Ta tsaya bayan danga, ta leƙa.

"Maigida, ina garkar da aka ce kana ma Nasara aiki?"

Ya nuna mata da haɓa.

"Wanga? Guda ɗai?" Ta riƙe baki. "Ciyawa ta kai mini gwiwa a gonarka, kai kana nan kana ma ƙaya fifita."

"Ba a yi gayya ba?"

"Da wa? Maza suna fasa dutse. Ni da hauya guda na kai rabin gona, inda na fara ya sake rufewa. In ba ka zo cikin kwana goma ba, bana sai mu ci ƙayar taka."

Ta ajiye dawon ta juya. Bai ci ba.

Washegari ya sami tsiron a kwance. Dodon koɗi sun bar ganye sun ci ƙasan kara, daidai inda ya haɗu da ƙasa. Madam kuwa zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta fito ba. Mutari ya tsaya a kansa yana huci. Tsiron da ya mutu ba ya fure, kuma in babu fure babu Tama.

Ya ɗauki hauya ya fita bayan bariki, inda masu gadi ke turke raƙumansu. Dayi yana nan birjik, raƙuma suna ci suna takawa. Ya zaɓi mai ƙwari wanda ya fara kai, ya tono shi da ƙasarsa, ya dasa a ramin shardon. Gawar ya jefa wa raƙumi, raƙumin ya shinshina ya kau da kai.

Dodon koɗi ba su taɓa dayin ba. Bayan kwana shida Madam ta fito tana dafa bango, ta ga tsiro ba huji ko ɗaya. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce wa Alƙasim zafin ranar ƙasar nan ne ya sauya masa kama, ta karanta hakan a wani littafi. Alƙasim, wanda ya yi kiwon raƙuma kafin ya shiga lakwal, makarantar Nasara, ya dubi sama ya ce haka ne.

Kwana uku bayan haka ya yi fure. Madam ta kira mijinta, ta kira wasu Turawa biyu da suka sauka a barikin, aka kewaye dayi da kofuna a hannu. Mutari ya naɗe tabarmarsa, ya ɗaure hauyarsa, ya zo ya tsaya.

"Malam Alƙasim, hwaɗa mata ya yi fure. Ni tahi."

Alƙasim ya faɗa. Madam ta yi murmushi, ta yi magana da mijinta, mijin ya ɗaga kafaɗa.

"Ta ce ba ta taɓa ganin mai hannu irin naka ba. Ta roƙi Mushe mijinta, ya bar mata kai. Tana son ka tara irin, ka jera mata ashirin bakin hanya."

"Ta ce ranar da ya yi fure!"

"Ta ce. Yanzu kuma ta ce wanga." Alƙasim ya matso, ya rage murya. "Kai ma, wa ya aike ka? Da ka bar shi a mace, ran nan za ta kore ka. Na gabanka haka aka yi mishi, da azahar yana gida."

Sai bayan girbi aka sallame shi, lokacin da aka yi wa Baturen canji zuwa wani wuri. Rabin da Cima ta nome ya ba da dami tara. Ɗaya rabin ya zama fako da ciyawa, dayi kuma ya fito a ciki ba wanda ya yi masa ban ruwa. Wannan shekarar tun kafin bazara rumbu ya ƙare, suka shiga cin dusa da tafasa.

Mutari ya ga ƙarshen aikin tilas a 1946, ya kuma tsufa a garkar albasarsa. Har ya mutu ana kiransa Mai Dayi, yana jifan mai kiran da abin da ke hannunsa. Amma in ya sami dodon koɗi a cikin fangalin albasa, ba ya kashewa. Yakan ɗauke shi da yatsa biyu ya ajiye bayan danga. Da Cima ta tambaye shi dalili, sai ya ce:

"A barikin nan duka, su ɗai suka yi ƙoƙarin maido ni gida."