Kalangun da Na Kawo wa Wana

Mu mahauta ne, a Ƙofar Marke aka haife mu, ni da wana. Abin da zan faɗa ya faru ba da daɗewa da zaman Turawa a Sakkwato ba, lokacin da tsofaffi ke yin a'uziyya idan sun jiyo busar soja daga bariki. Ubanmu ya riga ya rasu, baffanmu ke riƙe da gida.

A zamanin, ranar jajibirin salla ba a yanka babban sa sai an yi wasa da shi. Za a ɗaura masa igiya a ƙafar baya, makaɗa su saki kalangu, namiji ya fito ya faɗa tsakanin ƙahonin ya rungume wuyan. Shi ne hawan ƙaho, kuma wana ya iya shi ƙwarai. Wata shekara wani jan sa ya girgiza shi ya yar, ƙeyarsa ta bugi turken da ake ɗaure shanu. Tun daga ranar unguwarmu ba ta sake wasan ba sai an tumɓuke turaku, an zuba yashin gulbi a filin, an sa ƙarfafa a igiyar baya. Ni kuwa ban bar ɗana ko ɗaya ya hau ba. Amma duk wannan dabara bayan ɓarna ta zo.

Jini kaɗan ya fita, shi ya sa muka ce abin da sauƙi. Ya yi ta amai, ya yi kwanaki bai san inda yake ba. Da ya tashi, ƙafa lafiya, hannu lafiya, sai dai mutumin ba shi ba ne. Zai soma magana, kalmar ta ɓace masa, ya tsaya yana kallon bakinka. Hasken rana yana sa shi hawaye. Na kai shi kasuwa sau ɗaya, ya riƙe wuƙa a gaban cinyar sa, ya rasa ta inda zai fara, ya zagi wani dattijo da ya zo yi masa barka. Bai sake fita ba.

Mu a wurinmu kalangu shi ne maganin sanyin jiki. Mahauci ko gawar uwarsa ya baro, idan aka kaɗa masa takensa sai ya miƙe. Don haka na je na kira makaɗin gidanmu, ban shawarci kowa ba. Ya tsaya a ƙofar zaure da hantsi, ya saki taken wana da iyakar ƙarfinsa, maroƙi yana zuba kirari, unguwa ta taru. Na shiga na jawo wana. Ya toshe kunnuwa, ya durƙusa, ni kuwa na ce wa makaɗi ya ƙara, yanzu zai tuna. Sai ya tashi, ya fizge kalangun, ya maka shi da bango, ya ture makaɗin cikin kwata, kowa yana gani.

Da la'asar baffa ya yanke magana. Ya ce hauka ne, kuma kafin ya ji wa wani rauni dogarai su tafi da shi, gara mu kai shi gidan wani malami da ke sa wa masu taɓin hankali mari a ƙafa. Ya aika a zo da marin washegari. Duk mun san waɗanda suka shiga gidan nan, kaɗan ne suka fito da kamanninsu.

Da safe matar wana ta tare ni a bakin rijiya. Tsakaninmu akwai wasa, ni ƙanin miji, ba ta taɓa raga mini ba.

"Sarkin dabara, an tashi lahiya? Yau kuma mi za ka kawo muna, tambari?"

"Matarmu, ki bar ni da abin da ad damuna."

"In bar ka? Kai ka ɗebo ruwan, kai za ka sha. Biyo ni, kuma ka ɗinke bakin nan naka."

Ta kai ni bayan ɗakinta, inda inuwar tsamiyar maƙwabta ke faɗowa. Wana yana zaune a tabarma, da faifai a gabansa da tsokar nama. Yana fere ta a hankali, yana shimfiɗa ta siririya irin ta kilishi. Hannunsa ba ya rawa. Ashe ta daɗe tana karɓo masa tsoka kullum, ba wanda ya sani.

Ta rage murya. "Ka ga mahaukaci nan? Ƙara ce ba ya so, awa an soka mai tsinke cikin kai. Ni ko dakan hatsi ma gidan maƙwabta nika zuwa in yi. In za ka yi mai magana, guda guda, ka jira shi. In ya gaji, ka bar shi shi kwanta. Ni ba ni iya tsayawa gaban Baffa. Kai da bakinka bai da ƙofa, tahi ka yi muna amfani da shi."

Na sami baffa a zaure, mutumin malam yana gefensa da mari a hannu. Na durƙusa, na ce ni na jawo abin jiya, ba wana ba, na roƙe shi ya shiga ya gani da idonsa.

"Kai wanga yaro, jiya kiɗa, yau wa'azi?"

"Baffa, ka duba dai. In ka ga hauka, ni da kaina zan riƙe mai ƙafa."

Sai ya tashi. Muka shiga, na nuna masa da hannu kada ya yi sallama da ƙarfi. Dattijon da muryarsa ke cika kasuwa ya lallaɓa kamar mai kamun kaza, ya zauna a bakin tabarma. Wana ya ɗago kai. Bakinsa ya motsa, kalmar ta ƙi zuwa. Na ga baffa zai taya shi, na taɓa masa gwiwa. Muka jira. Zuciyata tana bugawa har na ji tsoron kada ita ma ta dame shi.

"Baffa," in ji wana a ƙarshe. "An... an tashi lahiya?"

"Lahiya lau, ɗana. Aiki aka yi?"

Wana ya miƙa masa yanka ɗaya. Baffa ya ɗaga shi sama, haske ya ratso ta ciki, babu huda ko ɗaya. Ya juya shi, ya sake dubawa, ya mayar kan faifai, ya goge ido da hannun riga.

Wana bai koma kasuwa ba har ya bar duniya da furfurarsa. Mantuwar ba ta rabu da shi ba, fushin ma yakan taso idan yara sun cika ihu, sai mu kwashe su waje. Amma a ɗakinsa ya zauna, shi ke yanka, matarsa ke haɗa labun kilishi da yaji, ni ke kai wa masu saye. Ya ga auren 'ya'yansa, daga nesa da makaɗa.

A safiyar nan dai, baffa ya fito zaure ya ba mutumin malam haƙuri, ya ce ya gaida malam, ba ma bukata. Mutumin ya saɓa marin a kafaɗa, ƙarfen ya yi ƙara. Sai ga matar wana ta miƙo tsohon buhu ta bayan zana.

"Ƙanen miji, ce mai shi naɗe abin nan. Yanzu yayanka ya kwanta."

Na karɓa, na naɗe marin da hannuna, na raka mutumin har bakin hanya.