Gaurakin Bayan Shalla

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi ɗan fari a Matameye zamanin da Nasara bai tafi ba ya san abin da nake nufi. Babana bai taɓa kiran sunana ba. In zai aike ni sai ya dubi bango ya ce a gaya wa yaron nan ya kawo buta, alhali ga ni tsaye a gabansa. Wai kunya. Ubansa ma haka ya yi wa nasa ɗan farin, kuma mutane yabonsa suke yi a kan haka.

Da ni kaɗai ne da ban damu ba. Sai aka haifi ƙanena, wani ɓulɓul mai kumatu, wanda al'ada ba ta hana kowa son sa a fili ba. Shi kam sunansa har waƙa Baba yake yi da shi.

Muna da lambun rake a fadama, can bayan tafki. Hanyar zuwa ba ta da wuya ko kaɗan, shimfiɗaɗɗiya ce, tana bin gefen ruwa, tsofaffin mata ma bin ta suke yi su je cirar bado. Bayan an gama girbi tafkin sai ya cika da tsuntsaye. Kirinjijiya da fitonsu, dinya, zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, belbelu a bayan shanu. Wani lokaci guza ya gilma ta gabanmu ya faɗa ruwa. Waɗannan duk na gansu da idona, ban roƙi kowa ba. Gauraki ne suka gagare ni. Su can ciki suke sauka, a wani tsibirin laka, kuma tsakaninsu da hanya akwai shalla, doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa da ake rufin ɗaki da ita, ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Babba yana hangowa ta samanta. Yaron da aka ɗora a wuya ma yana hangowa.

To, ka san wanda ake ɗorawa a wuya. Kullum muka zo daidai wurin sai Baba ya tsaya, ya riƙe ƙafafun ƙanena, ya yi ƙasa da murya yana nuna masa: ga mijin can, ga tukkunsa, dubi yadda suke tsalle suna buɗe fukafukai. Shi kuma sarkin wauta sai ya yi ta dariya yana jan hular Baba, rabin lokacin ma ba wurin yake kallo ba. Ni ina baya da fartanya a kafaɗa da ƙoƙon fura a ka, ina jin kukansu kawai, ina kallon dugadugan ƙanena suna lilo a ƙirjin ubana. Wallahi na tsani dugadugan nan. Kishi nake yi, kishi mai zafi, har abinci ba ya yi mini daɗi in mun dawo.

Na taɓa gwada kutsawa cikin shallar ni kaɗai. Laka ta kama ni har cinya, matsattsaku suka manne mini, tsuntsayen kuma suka tashi tun ban kai ko'ina ba. Da na kai wa kakata ƙara ta yi mini dariya, ta ce ai mutumin kirki ba ya ɗaukar ɗan farinsa a idon jama'a, so yana ciki. Na ce mata to ni me zan gani da son da ke ciki? Ta kai mini duka da mafici.

Ana nan sai kawuna, yayan innata, ya zo daga Tsauni. A tsakar gida na ji labari cewa da ni zai koma, zai riƙe ni. Wannan ma al'ada ce, ɗan fari ba ya cika girma a gidan ubansa. Ban yi kuka don barin gida ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne zan tafi ban ga gauraki ba, wancan kuwa zai ci gaba da hawan wuya babu ko mai hararsa.

Ana gobe za mu tafi Baba ya fita da lauje tun da hantsi, ya dawo da damin shalla jiƙaƙƙiya, ƙafafunsa duk laka. Innata ta tambaye shi wane ɗaki ne ke yoyo da rani tsaka. Ya jingine damin a jikin bango ya wuce wanke ƙafa.

Da safe ya ce kawu ya zo ya ga lambu kafin ya kama hanya. Muka jeru kamar kullum, ƙanena a sama, ni a baya. Da muka iso wurin sai na ga an sare shallar, an buɗe wata ƴar kafa mai faɗin ƙofar ɗaki, tun daga bakin hanya har ruwa. Baba ya tsaya gefe yana yi wa kawu zancen tsadar irin albasa. Ni kuwa na tsaya a bakin kafar. Ga su nan. Manya ne fiye da yadda na zata, masu farin kunci da jan tabo, tukkun kansu kamar sabuwar tsintsiya. Biyu suna rusuna wa juna suna tsalle. Ƙoƙon fura ya karkace a kaina ban sani ba.

Ban gama cika idona ba sai na ji muryar ƙanena daga sama.

"Baba, sauke ni. Wurin Yaya nake so."

Kai, yaron nan! Wuyan bai ishe shi ba, sai ya haɗa da ƴar kafar tawa. Na cije leɓe ina jira in ji an hana shi. Ba a hana shi ba. Baba ya sunkuya ya dire shi a gabana, ƙaton kan yaron ya tare mini rabin tsibirin. Amma da Baba zai miƙe sai ya dafa kafaɗata, kamar mai neman abin dogarawa. Ya miƙe, bai ɗauke hannun ba. Hannu ne mai kaushi, duk yankan shalla a tafinsa, ina jin ɗuminsa ta cikin rigata. Kawu ya yi gyaran murya ya juya yana kallon shanu. Na ƙame, ko numfashin kirki ban yi ba, don kada ya tuna ya janye. Haka muka tsaya har gaurakin suka tashi.

Da azahar aka ɗora ni a kan jakin kawu. Baba bai fito rakiya ba, ɗan fari ba a raka shi. Ƙanena ne ya biyo mu har ƙofar gari yana kuka, ni kuwa ban waiwaye shi ba, don na san gobe da safe shi za a ɗauka.