Bitrus ba ya ɗaure noti mota na kan jak

Shekara tara ke nan da rasuwar abokina Bitrus, bakanike a Rikoto, kuma bana na fi jin rashinsa, domin makon jiya na tsaya a garejinsa na yi sa-in-sa da ɗansa a kan notin shokazoba, ƙarfen nan da ke rage wa mota jijjiga.

Ni direba ne, kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ni na miƙa wa ɗana Sani makullin a-kori-kura. Ni Musulmi, Bitrus Kirista ɗan tsohon soja, amma mota ta haɗa mu tun muna samari, ban kuwa taɓa kai tawa wurin wani ba. Mutum ne mai nawa a aiki, irin nawar da ke ƙona ran direban da lodi ke jira. Idan ya canza shokazoba, ba ya ɗaure notin mota na rataye a kan jak. Da hannu yake murɗa su su ɗan kama, ya sauke motar ta tsaya da ƙafafunta, ya girgiza ta, sannan ya kwanta ƙarƙashi da wata doguwar sifana mai ma'auni. Zai saita ta, ya ja a hankali, tana cewa ƙas ya tsaya. Ko ka roƙe shi ya ƙara ɗan murɗi don hankalinka ya kwanta, ba zai ƙara ba.

Mun sha yi masa tsiya, muna cewa tsoron noti yake yi. Shi kuwa ya sha faɗa mana dalili, mu ne dai ba ma saurare. Notin da bai ɗauru ba, gargada za ta kwance shi. Wanda aka wuce da shi kuma ya fi haɗari, don ƙarfen ya riga ya miƙe, rami kawai yake jira ya tsinke, ido kuma ba ya gani. Robar shokazoba ma, in an matse ta mota na sama, ana saukewa take murɗewa ta tsage. Ya ce notin sama da na ƙasa ba ƙarfinsu ɗaya ba, kowace mota kuma da nata ma'aunin.

A wancan zamanin abin bai dame mu ba, saboda lalacewa a hanya ba komai ba ce. Ka tura mota gindin bishiya, makiyaya su kawo maka nono, ka jira wani ya zo. Yanzu duk wanda ke bin hanyar Bena ya san akwai wuraren da direba ba ya rage gudu saboda 'yan bindiga, balle ya tsaya ya leƙa ƙarƙashin mota. Nakan tambayi kaina me Bitrus zai ce da ya ga wannan zamani, da noti ɗaya ke iya tsayar da mutum a inda ba a tsayawa.

Yohanna, ɗansa na fari, shi ke riƙe da garejin. Yana da hannu, yana da ladabi, ya kuma sayi injin ɗaure noti mai ƙara kamar bindiga, direbobi na yabonsa don ba ya ɓata musu lokaci. Ranar nan Sani ya kai masa motar a canza shokazoban baya, don yana da lodin masara zuwa Bena kuma yana so ya dawo da rana a sama. Na bi shi na zauna a benci. Ina kallo Yohanna ya sa sababbin, mota na kan jak, ya danna injin sai da ƙarfe ya yi kuka, ya ƙara dannawa, ya sauke motar ya buga bayanta da tafin hannu, alamar an gama.

Garejin cike yake da direbobi, kuma ka gyara wa bakanike aiki a gaban masu kawo masa mota, ka taɓa masa abinci ke nan. Yohanna kuwa a hannuna ya girma. Amma Sani ya riga ya tada mota, ina hango ramukan da damina ta haƙa a hanyar, da motar ɗauke da buhuna tana faɗa musu da gudu. Na tashi na sa hannu ta taga na kashe ta.

Na ce a kwance notin a sake ɗaurewa da ma'auni. Yohanna ya yi dariya tukuna, ya ce injin ya fi hannu ƙarfi. Na ce ƙarfin ne ya dame ni. Sani ya shiga kallon rana, yana cewa kowane jinkiri yamma yake jawo masa a hanya, kuma gaskiyarsa ce, abin da ya ƙara tada mini hankali ke nan.

"Baba, a gaban mutane za ka koya mani aikin ubana?" in ji Yohanna, murya ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Ɗana ne zai hau ta, Yohanna. In ta tsaya masa a daji, kai za ka je ɗauko shi?"

Ya shiga ɗakin kayan aiki, ya daɗe, ya fito da sifanar ubansa yana goge mata ƙura. Ya kwance notin duka, ya jefar da ɗaya da haƙoransa suka soma cinyewa, ya sa wani. Ya kwanta ƙarƙashin motar tana tsaye a ƙasa, ya saita ma'aunin ba tare da ya tambayi kowa ba. Ashe ya sani sarai. Sauri ne kawai ya fi yi masa daɗi, mu direbobi kuwa mu muka koya masa son saurin.

Sani ya tashi a makare. Na wuni a ƙofar gida da waya a hannu, na kira ba ta shiga, na ƙara kira. Na yi ta tunanin ko jinkirin da na jawo shi ne zai zama sanadi. Sai bayan la'asar ya kira ya ce ya sauke kaya, zai kwana can, ba zai kama hanya da yamma ba.

Ban san ko notin nan zai tsinke ba da an bar shi, kuma ba zan taɓa sani ba. Bitrus ma bai taɓa nuna mana haɗarin da ya hana ba, shi ya sa muka raina aikinsa yana raye. Bai bar gida mai bene ba, ya bar hannun da ya san inda ake tsayawa, kuma na ga hannun a jikin ɗansa, ko da yake sai da na ci masa fuska ya fito da shi. Wannan na damuna ƙwarai. Jiya na wuce ta Rikoto na yi wa Yohanna sallama, ya amsa bai ɗago kai ba. Zan jure. Sani ya dawo gida lafiya, kuma jibi yana da wani lodin.