Rigar da Na Ƙona a Inugu

Ana idar da sallar asuba muka bar Borokiri, unguwarmu a Fatakwal, mu huɗu 'yan ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu, malamarmu ta biyar. Wata jami'a ce a Inugu ta gayyaci makarantun sakandare su kawo dabarun da za su sa ɗalibai su riƙa tattalin wutar lantarki. Ni aka ba aikin zana katunanmu, domin kowa ya san hannuna ya fi bakina aiki.

Daga Fatakwal zuwa Aba ruwa ake yi, motar tana faɗawa rami tana fita. Matar da ke kusa da ni ta ɗora mini kwandon busasshen kifi a cinya ba ko sannu, haka na riƙe mata har Umuahia. Daga nan ƙasa ta fara yin ja, tsaunuka suka fara leƙowa. A wata mararraba Malama ta saya mana okpa mai zafi a ganye. Kamar alale yake, sai dai da gurjiya ake yi, kuma ya fi na Fatakwal girma da araha.

Da la'asar muka shiga jami'ar, muka tarar ɗalibai sun riga sun ƙawata ko'ina. An liƙa wa kowane makunni idanu biyu na takarda, sai ka ji kamar yana hararar ka in za ka fita. A ƙofar masaukin mata akwai allo da ake rubuta sunan ɓangaren da ya fi rage shan wuta a mako. Wani dogo ya sa kayan kwali ya zama ƙwan fitila, yana bin mutane yana roƙon a bar shi ya huta. Na yi dariya a cikin hijabi.

An raba mu ɗakuna. Ni na faɗa ɗakin wata Anti 'yar Kudancin Kaduna mai karatun haɗa magunguna, da abokiyar zamanta 'yar Ibo. Da Anti ta ji Hausata sai ta riƙe hannuna, ta ce, "Ƙanwata, yau na ji gida." Ta bar mini gadonta, ita ta shimfiɗa tabarma.

Da safe suka fita ɗebo ruwa, ni kuma na ɗauki dutsen guga zan goge hijabina a kan tebur. Farar rigar da Anti take shiga ɗakin gwaji da ita tana ninke a gefe. Ina cikin guga aka ɗauke wuta. A gidanmu in an ɗauke wuta ba mai taɓa makunni, a kunne muke barin komai don mu san lokacin da aka kawo, kuma ba a kawowa sai yamma ko gobe. Na kifa dutsen a inda hannuna ya kai, na tafi karyawa. Ban san makarantar tana da injin wuta da ake tayarwa cikin 'yan mintuna ba.

Da na dawo ɗaukar katunana, tun daga baranda na ji ƙauri. Anti na tsaye riƙe da rigar. A ƙirjinta ga shatin dutsen guga, baƙi ƙirin, tsakiyarsa ya huje. Ranar Litinin tana da jarrabawar gwaji, kuma ba a shiga sai da farar riga. Abokiyar zamanta take yi wa faɗa, domin ita aka gani da dutsen jiya da yamma. Ita kuwa tana ta rantsuwa da Turancin buroka. Ba wanda ya dube ni. Na ɗauki katunana na fita.

A zauren taro, da aka kira makarantarmu, ni na ɗaga katin sama. Ƙwan fitila ne mai idanun barci, a ƙasa an rubuta "Kashe ni kafin ka fita" da Hausa da Ibo da buroka da Turanci. Aka yi tafi sosai. Anti tana layin gaba, idanunta sun yi ja, amma ta fi kowa tafa mini. Abokiyar zamanta tana can baya ita kaɗai. Ban taɓa jin takarda ta yi mini nauyi haka ba.

Lokacin abincin rana ya yi. Na ja Malama gefe na faɗa mata. Ta dube ni ta ce, "Ba rigata kika ƙona ba. Tashi mu je."

Muka same su a ɗaki, kowacce ta juya wa 'yar'uwarta baya. Na ce, "Anti, ni ce na bar dutsen." Sai da na maimaita, don ba ta ji na farko ba.

"Ke? Mai kashe-ni-kafin-ka-fita?"

"Ni ce, Anti. An ɗauke wuta ne, na ɗauka ba za a kawo ba."

"To da kika shigo ɗazu ina zazzaga wa baiwar Allah faɗa, bakinki ma ɗauke shi aka yi?"

Anti ta tsallake ni, ta je ta durƙusa gaban gadon abokiyar zamanta tana ba ta haƙuri.

Da yamma muka hau keke mai ƙafa uku zuwa unguwar Obiagu, wurin wani dattijon tela Bakano. Sai da ya gama gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar mutanen Fatakwal, sannan ya ɗaga rigar. "Wace gwanar guga ce ta yi wannan aiki?" Na ce, "Ni ce, Baba." Ya ce, "Madalla, 'yata, kin samar mana aikin yi." Ya nemo farin ƙyalle ya ɗinka babban aljihu a kan ƙunar. Farin bai zo ɗaya da na rigar ba, amma Anti ta gwada ta ce za a bar ta ta shiga.

Ranar Lahadi muka kamo hanya, da magariba muna gida. Makarantarmu ta zo ta uku, har da takardar yabo. Umma ta ce a liƙa a falo, na roƙe ta ta bari tukuna.

Na koyo cewa katinmu bai cika ba. Mu da muka saba da ɗauke wuta, lokacin da babu ita ne ya kamata mu fi tunawa da makunni. Amma ba wannan ke hana ni sakewa ba. Rigar, cikin rabin awa Baba tela ya gyara ta. Ita kuwa waccan baiwar Allah awa huɗu ta yi ɗauke da laifina, ina sane. Da za mu taho na je na yi mata sallama, na ce ta yafe mini. Ta ce ta ji, ba ta ɗago kai daga littafinta ba.