Amsoshin Baba Audu Maigadi

Ban taɓa mantawa da ranar Asabar ɗin da na zauna da Baba Audu a bakin wani filin ƙwallo a Dutse Alhaji ba. Lokacin na bar gidan rediyo, na kama aikin jami'in tattara bayanai a wani bincike da wata jami'ar ƙasar waje ta shirya. Ana so a gwada masu motsa jiki na ƙasashe daban-daban a kan abu uku: ko mutum na jin shi ya zaɓa wa kansa, ko yana jin ya iya, ko yana jin daɗin abokan yinsa. Kowace tambaya makinta daga ɗaya zuwa biyar. Ƙa'idar ita ce mu karanta, mu rubuta abin da aka faɗa, kada mu ba kowa shawara.

Baba Audu maigadi ne a wani kamfanin tsaro, ya haura hamsin. Kamfanin ya samu kwangilar tsaron sababbin gidajen manya, sai ya ce duk wanda bai ci gwajin gudu ba za a sallame shi. Shi ya sa yake zagaya fili shi kaɗai da takalmin aiki. Duk wannan ya gaya mini yana haki, hannunsa dafe da ƙirji, kafin in buɗe takarda.

Da ya ga biro sai ya gyara zama.

"Baba, kai ka zaɓi wannan gudun?"

"Ni na zaɓa. Sa biyar."

"Yanzu fa ka ce tilas aka yi maka."

"Waccan hira ce, ɗana. Wannan takarda ce. Ka san inda za ta kwana?"

Na rantse masa ogansa ba zai gani ba. Ya yi dariya, ya ce, "Ai kai ma oga gare ka." Har tambayar abokan motsa jiki ma, maki biyar ya ba ta. Na rubuta. Ban ce masa ya je asibiti ba, domin ƙa'ida ta hana.

Bayan mako shida na koma zagaye na biyu, ban same shi ba. Mai shayin bakin filin ya ce ya faɗi ranar gwajin, ɓarin jikinsa ya shanye, kamfani ya sallame shi, an mayar da shi ƙauye.

Na je wurin shugabarmu, na ce, "Dakta, takardar nan ba gaskiya ba ce."

"Ya fahimci tambayoyin?"

"Ya fahimta."

"Ka sauya masa amsa?"

"A'a."

"To ta cika ƙa'ida. In muka riƙa cire wadda ba ta yi mana ba, ba bincike muke yi ba."

Ban ga laifinta ba. Takardar ta tafi, aka jera ta da na waɗanda ke gudun nishaɗi a wasu ƙasashe.

Ku da kuka shigo aikin nan, ku sani: talakanmu in ya ga biro, ba kai yake amsa wa ba, wanda ke riƙe da abincinsa yake amsa wa. Kuma in kun ga mutum ya dafe ƙirji, ku ajiye takardar ku ce masa ya je asibiti. Ni ban ce ba.