Kawu Idi da Shayin Gishiri

Shekarar da ruwa ya ci Jidda ana tsakiyar aikin Hajji, har motoci suka riƙa yawo a kan titi kamar ƙorai, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a ciki, a shekarar ne Kawu Idi ya fara zuba gishiri a shayi. Ku da kuka zauna da shi a unguwar Ruwais a nan Jidda kun sha, ko kuma an ɗura muku. Madara ce da ɗan ganyen shayi da gishiri, wani lokaci har da man shanu yana iyo a sama. Zai miƙo maka da hannun dama, na hagu yana tallafe da gwiwar hannun, ya tsare ka da ido sai ka haɗiye. In ka nemi sukari sai ya dube ka da tausayi ya ce, "Allah sarki, ba ka yi tafiya ba."

Ni ɗan ƙanwarsa ne, a hannunsa na ƙarasa girma, don haka na fi kowa shan shayin nan, na kuma fi kowa jin asalinsa.

Kawu direba ne a wurin wani attajirin Balarabe mai son farauta da shaho, shi ne kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a kan takardun zama a ƙasar. Da kakar shekarar nan attajirin ya kwashi mutanensa suka tafi ƙasar Mangoliya kamun shaho. Daga babban birni suka shiga mota suka nausa hamada, inda babu kwalta babu alama sai sawun tayar wanda ya riga ka. Can suka sauka kusa da wani makiyayi mai raƙuma masu tozo biyu. Sunan mutumin ya fi ƙarfin harshen Kawu, sai ya raɗa masa Bala, Bala kuwa ya amsa.

To, kakanmu madugu ne, ya yi fataucin gishiri tsakanin Bilma da Agadas, saboda haka Kawu bai yarda akwai raƙumin da za a koya masa hawa ba. Bala ya nuna masa ana zama ne tsakanin tozon nan biyu, a sa ƙafa a likkafa. Kawu ya ce wannan zaman mai jinya ne. Ya matsa gaba, ya ɗora tafin ƙafarsa a wuyan raƙumi irin na mutanen Azbin. Raƙumin da ba a taɓa taka masa wuya ba tunda aka haife shi, sau ɗaya kawai ya sunkuyar da kai. Har ya koma ga Allah Kawu bai yarda ya faɗi ba, cewa yake sauka ya yi da gaggawa. Ƙafa dai ta karye.

Shaho ba ya jiran mai karaya. Kafili ya bar shi a wurin Bala, ya ce mota za ta dawo nan da 'yan kwanaki. Sai ƙanƙara ta zubo, hanya ta rufe, 'yan kwanaki suka zama kusan wata biyu.

A kan raƙumin da ya kayar da shi Bala ya ɗaure shi, daidai tsakanin tozon da ya raina, ya ja akala suka ratsa tuddan rairayi zuwa wani gidan ibada da ke gindin jajayen duwatsu, inda akwai tsohon maɗori. In Kawu ya zo nan a labari muryarsa takan sauka. Ya ce rairayin can in iska ta taɓa shi gurnani yake yi kamar jirgin sama daga nesa, kuma sararin sama ya sauko ƙasa ta kowane gefe, har mutum ya ji kunyar ɗaga murya. Mutanen gidan ibadar masu askakken kai ne da jajayen mayafai. Suka ɗora ƙafa, suka ba shi kusurwa, kuma duk sa'ad da ya ɗaga hannu zai yi kabbara sai su ɗauke ƙafa su daina wucewa ta gabansa. Tsohon maɗorin ma ya karɓi carbin Kawu ya gwada da nasa, ya ga nasa ya fi tsawo, ya mayar masa yana girgiza kai don tausayi. Kawu ya ce masa da Hausa, "Nawa gajere ne, amma ya san inda za shi." Tsohon ya gyaɗa kai, suka rabu lafiya.

Sauran kwanakin a bukkar Bala ya yi su. Kawu ne yake yanka tumakin da za a ci, a zaune, ya fuskantar da su alƙibla, su kuma su tara kwano don a al'adarsu jini ba ya taɓa ƙasa. Kowa ya kiyaye nasa, aka ci daga tukunya ɗaya. Ranar da mota ta zo ya zaro kuɗi da agogo, fuskar Bala ta canza, ya tura masa hannunsa baya. Matar gidan ta bi motar tana yayyafa madara a kan sawunta, wai don hanya ta yi fari.

Abin da ya tsaya wa Kawu a rai ke nan har tsufa. Yakan ce ya ci gishirin mutum, mutum bai ci nasa ba, kuma ba ya so ya shiga kabari da wannan. Komawa kuwa ta gagara. Ba a jima ba kafili ya rasu, iƙama, wato takardar zama, ta mutu a hannun Kawu, in ya fita ƙasar ba shi ba dawowa, ga matarsa Gwaggo Zulai ga 'ya'ya shida. Aike ma babu inda za a kai shi, don gidan Bala tafiya yake yi.

Da ya rasa hanyar zuwa Mangoliya, sai ya ɗauko Mangoliya ya kawo mana Ruwais. Ba ya taka dokin ƙofa, kuma in ka taka nasa sai ka fita ka sake shigowa. In ya je gidan mutane, bayan sallama sai ya ƙara da "A riƙe kare!" don haka baƙo yake kira a can kafin ya sauka daga doki. Ranar sunan jikan abokinsa Alhaji Sale a unguwar Safa, Kawu ya tsaya a ƙofar bene ya danna ƙararrawa ya faɗi abinsa, da Larabci kuma, don kowa ya ji. Mai gadin benen ya bi ɗaki ɗaki yana neman wanda ya ɓoye kare, har aka kira mai benen daga wurin aiki. Alhaji Sale ya sauko da gumi yana cewa, "Ya shaikh, wane kare? Ka taɓa ganin kare a gidana?" Kawu ya ce, "Ka gani ko? Da yake na ce a riƙe shi."

Sai zancen bukka. Ya tara tsofaffin darduma da barguna daga unguwar Khumra, ya haɗa da sanduna, ya yi zagayayyiyar bukka a saman soronmu, ƙofa tana duban kudu kamar ta Bala. Wannan a watan da kwalta ke narkewa a Jidda. Bayan la'asar zai hau ya shiga ya zauna, gumi na bin gemunsa, yana kallon tankunan ruwan maƙwabta ta ƙofar. Gwaggo Zulai ta ce in ya dahu a sanar da ita ta kawo yaji. A kan rufin bukkar yake shanya cukun da ya yi da nonon kanti, kuliyoyin unguwa su ci rabi, sauran ya bushe ya zama tsakuwa, ya cika aljihu da shi yana raba wa mutane bayan sallar Juma'a. Haƙorin Alhaji Sale na gaba a nan ya tafi. Kawu ya ce ai tsotsa ake yi, haɗama ce ta ja masa.

Mu dariya muke yi. Amma wata rana na hau kai masa ruwan alwala, na tarar ya shimfiɗa buzu a gefen hagu na bukkar, wurin zaman baƙo, ya ajiye kofi biyu. Na ajiye ruwan na sauka.

Lokacin Hajji da Umara kuwa farauta yake fita. Ya ji an ce a yammacin ƙasar can akwai Musulmi, kuma sukan zo. Sai ya riƙa zagaya kasuwar tsohon gari, inda alhazai ke sayayyar komawa gida, duk wanda ya ga yana da faɗin fuska da ƙananan idanu sai ya kama hannunsa ya ce yalla, mu je gida. Ya kawo mana mutanen Indunusiya, ya kawo 'yan Sin, ya kawo wani bawan Allah da daga baya muka gane ɗan unguwa ne, a bayan masallaci yake gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Jarrabawar ɗaya ce, a miƙa masa shayi. In ya yamutsa fuska, Kawu ya ce, "Wannan ma ba namu ba ne," sai a ba shi abinci ya ci ya ƙoshi, a raka shi har masauki. Gwaggo Zulai ta ce ta ciyar da rabin gabashin duniya a kan bashin mutum ɗaya.

Shekara da shekaru ana haka, har gwiwa ta fara ƙin hawa soro. Bara waccan, bayan Umarar azumi, ya shigo da wani ƙaƙƙarfan dattijo mai jan kunci, tare da ɗan'uwansa matashi mai jin Larabci. Aka miƙa shayi. Dattijon ya karɓa da hannun dama, ya shanye, ya sake miƙo kofi. Nan da nan Kawu ya ɗauki buta ya sake cika masa.

Ashe dattijon direban babbar mota ne daga yammacin Mangoliya. Da aka kwatanta masa jajayen duwatsu da rairayi mai gurnani da tsohon maɗori, ya ce ya san yankin, amma tsakaninsa da gidansu tafiyar kwanaki ce. Duk da haka ya ce wanda ya sha shayin mutum ba ya ƙin aikensa. Kawu ya so a tafi da rago, da ƙyar muka shawo kansa. Aka tsaya a kan gwangwanin dabinon Madina da babbar rigarsa ta Sallah. Ya sa na rubuta sunansa da ajami a jikin gwangwanin. Na ce masa babu mai iya karantawa a can, ya ce ai ba don a karanta ba ne, don a san daga hannun mutum ya fito.

Muka yi ta jira har muka daina ambato. Kawu ya kwanta ciwo, bukka ta rushe babu mai gyarawa. Wata safiyar kaka ina gefen gadonsa wayata ta yi ƙara, sai ga fuskar direban da ta ɗan'uwansa, iska na kaɗa su. Ashe bai sha wuyar nema ba. A gidan ibadar yana cewa baƙin mutumin da ya taka wuyan raƙumi, kowa ya fashe da dariya, aka nuna masa hanya. Aka juya waya, ga wani tsoho sanye da babbar rigar Kawu a kan tufafinsa na sanyi, ya ɗaure ta da ɗamara a ciki, yana taunar dabino.

Bala ne. Kawu ya ce a faɗa masa abin kaɗan ne, bai kai ko ƙafar rago ɗaya ba cikin waɗanda ya ci. Matashin ya fassara. Bala ya ɗaga hannu ya yi dogon bayani, ya jawo wata budurwa mai dogon kitso ya tsayar gaban waya. Wai shi ne mai bashi a kansa, kuma shekarun nan duk ya rasa ta inda zai biya. A waccan kakar matarsa ba ta da lafiya bayan haihuwa, shi kuma dole ya kora dabbobi masaukin sanyi. Kawu ne ya warware rawaninsa ya goya jaririyar a baya, ya wuni yana jijjiga ta a zaune da karyayyiyar ƙafa, kullum, har uwar ta miƙe. Ga jaririyar nan.

Ko sau ɗaya Kawu bai taɓa faɗa mana wannan ba. Gwaggo Zulai ta leƙo daga bakin ƙofa ta ce, "Goyo? Idi? 'Ya'ya shida na haifa masa, ko ɗaya bai taɓa ɗauka ba, wai yana tsoron kada ya karya su."

Kawu ya ce, "Ke, can tafiya ce."

Daga nan tsofaffin biyu suka kama gardama ta bakin tafinta, wannan ya ce shi ake bi, wancan ya ce a'a shi ne, har matashin ya fara haki. Kawu ya gaji, ya jingina da matashin kai, ya ce, "Halas, shi ke nan. Ka ce masa mun yi kunnen doki." Ban san yadda aka fassara ba, amma Bala ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai. Sannan ya karɓi wayar da kansa ya juya ta waje, ya riƙe ta haka nan. Babu komai sai fili, da tuddan rairayi can nesa, da raƙuma suna kiwo, da iska tana busawa. Kawu ya ce in matso da ita kusa da kunnensa. Ya rufe ido yana saurare har layin ya yanke.

Bai ƙara wata guda ba bayan wannan.

Ya Allah, bawanKa Idrisu ya zo maKa baƙo, babu guzuri sai kyakkyawan zato. Ka saukar da shi masauki mai yalwa, Ka yafe masa, Ka sanyaya makwancinsa. Shi kuma wanda ya ja masa akala a cikin rairayi, Ka saka masa da alheri, Ka nuna masa hanya kamar yadda ya nuna wa baƙonsa. Amin.